Zannuwan Aro a Gidan Gajiyayyu

Ranar Litinin da hantsi, wajen ƙarfe goma, saura sati uku damina ta faɗi, takarda ta iso wa wani mutum mai kula da gidan gajiyayyu na wata ƙaramar hukuma. Takardar ta ce ranar Alhamis wata jami'a za ta zo daga ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha don ta duba gidan. Tsofaffi goma sha huɗu ne a ciki, yawancinsu makafi da waɗanda ba su da kowa. Kwanon ɗakin mata ya yi tsatsa ya huhhuje, gara kuma ta ci katakon da ke riƙe da shi. Bara da bokitai da tukwane aka yi ta tarar ruwa har damina ta wuce.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Shi yake yanke wa tsofaffin farce, shi yake raka su asibiti. Sai dai bai manta da abin da ya faru shekara biyar baya ba, lokacin da wani jami'i ya zo ya tarar da ƙofar banɗaki a karye. Bai tambayi dalili ba, ya rubuta ya tafi, aka sauke wanda ke riƙe da gidan a lokacin. Tun daga ranar ya ɗauka duk wanda ya zo daga jiha da biro a hannu, laifi ya zo nema. Shugaban sashensu ma ya kira shi ya ce, "Malam, ka dai san yadda ake yi. Kada ka ba mu kunya a gaban baƙi."

Kwana uku ya yi yana shiri. Ya aro fararen zannuwa wurin mai ba da hayar rumfunan biki, ya ɗaure su a ƙarƙashin kwanon har suka yi kamar silin. Ya aro katifu daga makarantar kwana. Ya shafe tsagar bango da farar ƙasa. Sannan ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ya ja musu kunne.

Ranar Alhamis jami'ar ta iso. Ita kuwa ba laifi ta zo nema ba. Jiha ta sayi kwano da katako da za su ishi gida biyu kacal cikin gidaje bakwai, aka turo ta ta gano waɗanda suka fi buƙata. Amma ba ta faɗi haka ba, don an koya mata cewa idan ta faɗa, kowa zai ƙara wa kukansa gishiri. Ta shiga ɗakin mata, ta ɗaga kai ta ga fari tas, ta taɓa katifa ta ji laushi. Ta durƙusa gaban wata makauniyar tsohuwa ta ce, "Iya, me ke damun ku a nan?"

Tsohuwar ta juya fuskarta wajen da take jin takun mai kula da gidan. Sannan ta ce, "Sai alheri, 'yar nan. Yau kwana biyu ke nan rana ba ta taɓa mini goshi a kan gado ba." Jami'ar ta yi murmushi, ba ta tambayi ta ina rana ke shigowa ba. Ta rubuta cewa komai lafiya.

Washegari ta je wani gari, inda wata mata ke riƙe da irin wannan gida. Ita ma ta ji labarin wanda aka sauke, kuma ita ma tana tsoro. Amma ta jira sai da rana ta take tsaka, ta shigar da baƙuwar ɗakin kwana, ta rufe ƙofa da taga. Haske ya zubo daga sama ta ko'ina, kamar an kifa musu rariya. Ta ce, "Hajiya, duk inda kika ga haske, nan ruwa zai bi. In sauke ni za a yi, a sauke ni, amma a rufe wa bayin Allah nan kai." Jami'ar ta tsaya ta ƙirga hujoji arba'in da ɗaya.

Bayan kwana goma mota ta sauke kwano da katako a gidan matar nan, kafintoci suka hau aiki. Shi kuwa mutumin farko takardar yabo aka aiko masa, ya kafa ta a bango, ya mayar da zannuwa da katifu ga masu su.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata Juma'a bayan la'asar, da iska. Katakon da gara ta ci ya karye, rufin ɗakin mata ya rufto. Makauniyar tsohuwar nan ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba har ta rasu kafin kaka. Sauran aka kwashe su zuwa wani aji a makarantar firamare. Mutumin ya zauna ya rubuta wa jiha da hannunsa duk abin da ya ɓoye, bai rage komai ba. Amsa ta zo cewa kwano ya ƙare, sai baɗi.

Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.