Ƙwarya a Kafaɗa

Na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da ɗana yana dariya, amma ba da ni ba. Maƙwabciyarmu Bagwariya, mai sayar da itace, tana zagaya tsakar gida da ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar kayansu, shi kuma yana biye da tasa ƙarama.

Shekara uku ina fama da shi da allo da alli, ina toshe kunne ga masu cewa aljanu ne. Likita ya ce cutar galahanga ce, mai hana yaro cuɗanya da mutane, in riƙa shiga wasansa. Ni da takardar malanta? Na ƙi. Bai taɓa kallon idona ba.

"Malama, ajiye allin nan," in ji ta. "Zo ki bi layi."

Na cire takalmi, na ɗora ƙwarya a ka. Ya tsaya, ya ja zanena har na durƙusa, ya sauko da ita kafaɗata. Sannan ya juya ya dubi fuskar maƙwabciyar, ko ya yi daidai.

Na miƙe, na bi bayansu.