Mujallar da Ta Zo daga Kotonu

"Wannan ƙidayar ɗan ƙauye ce," in ji darektan biro, wato ofishin ƙidayar jama'a, ya wurgo wa Sumana rahotonsa. "Kawo abin da masana suka buga, ko in ba wani kujerarka."

A 1962 babu mujallar ƙidayar jama'a ko ɗaya a Yamai. Sumana ya rubuta wasiƙa zuwa Dakar sau huɗu, shiru. A wata na biyar wani direba ya kawo masa kwafi daga Kotonu.

Darekta ya buɗe, ya bugi tebur. "Ka gani? Haka Turawa ke aiki!"

Sumana ya leƙa shafin. Alƙalumansa ne, waɗanda ya ƙirga gida-gida da ƙafarsa. Sunan tsohon maigidansa Bafaranshe ne a sama.

"Mushe darekta, ai nawa ne," in ji Sumana.

"Kwafe su, Sumana. Kuma ka rubuta daga wurinsa ka samo."