Diyyar Mutum

Kwana tara ke nan ana haɗa taliya da gardama a shagon Fusae, wanda ke bayan filin besbol na garinmu. Ebihara, mai bugun da muke taƙama da shi, kwantiraginsa ya ƙare, ya bi wata ƙungiya ta arewa da ta fi mu nauyin aljihu. Doka kuwa ta ce duk ƙungiyar da ta ɗauke maka babban ɗan wasa sai ta biya ka da mutum. Za ta ware 'yan wasanta ashirin da takwas da ba a taɓawa, a cikin sauran ka zaɓi ɗaya. Diyyar mutum ake ce wa abin. Jerin sunayen sirri ne, amma a garin nan kowa zai rantse maka ya san abin da ke ciki.

Hirakawa direban tasi, wanda bai taɓa riƙe sandar bugu ba amma ya fi koci sanin aikin koci, ya rubuta nasa jerin a bayan takardar abinci. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ba za su sa ɗan wasansu Hozumi cikin waɗanda ba a taɓawa ba. Mai jifa ne bahago, ɗan shekara talatin da bakwai, kuma mutanen arewa za su bar shi a waje da tunanin ba mai son tsoho. Mu kuwa bahago muke nema ruwa a jallo.

Mutum ɗaya ne wannan magana ke hana wa cin abinci, wato Gonda, dattijon da ya shekara ashirin yana gyaran tudun da mai jifa ke tsayawa a kai a filinmu. Ba shi da mata, ba ya taɓa giya ko ranar da muka ci kofi, kuma kafin kwanakin nan ba wanda ya san yana da baki. Yanzu ga shi kullum da azahar yana zuba: kafaɗar Hozumi ta gama aiki, gwiwarsa ta tafi, a ɗauko yaro mai jini a jika. Har wajen wani jami'in ƙungiya ya je da wannan magana, aka ba shi shayi aka sallame shi. A ɗauko kowa, in ji shi, ban da Hozumi.

"Dattijo Gonda, wai me bawan Allahn nan ya ci maka ne?" in ji Hirakawa. "Ko budurwa ya ƙwace maka?"

Aka yi dariya, ban da Gonda.

"Ba bahagon haihuwa ba ne," ya ce. "Koyo ya yi. Hannun aro ba ya kai mutum arba'in."

Hirakawa ya ce shi dai ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan Hozumi bai ga wannan ba. Gonda ya ce wanda ya san ƙasa yana gane mai jifa daga sawunsa. Fusae tana juya romo ta jefa masa cewa ina ya ga sawun, alhali duk sanda ƙungiyar Hozumi za ta zo garin nan sai ciwon bayansa ya tashi ya kwanta kwana uku? Gonda ya sunkuya a kan kwanonsa. Tsoro ne a fuskarsa ƙarara, amma mu masu son ƙwallo ba ma ganin komai in ba maki ba.

Ranar Alhamis da rana tsaka aka katse shirin talabijin ɗin da ke saman kanta. Ƙungiyarmu ta zaɓi Hozumi. Hirakawa ya buga tebur har romo ya fantsama, ya ce a kawo wa kowa ƙwai a kan taliyarsa, shi zai biya.

Aka nuno Hozumi cikin baƙar kwat, idanunsa jajir, don shekara goma sha biyar ya yi a can kuma bai zaci za a bar shi a waje ba. Ya gode wa mutanen arewa, ya sunkuya ya daɗe. Wata 'yar jarida ta tambaye shi ko zai ci gaba da abin nan da yake yi kafin kowane wasa, inda yake durƙusawa ya rubuta wani abu da yatsa a bayan tudun.

"Sunan babana ne," ya ce. "Ina da shekara shida ya rasu, ina kwance a asibiti. Fuskarsa ta ɓace mini, sunan kawai na riƙe. Na san ina ɓata wa masu gyaran fili aiki, shi ya sa ranar farko su zan fara gaisarwa, ɗaya bayan ɗaya, in ji sunan kowa, in ba shi haƙuri."

Fusae ta goge ido da bayan hannu. Hirakawa ya juyo zai tsokani Gonda cewa ga shi zai sami sabon aboki, sai ya tarar da kujera ba kowa, taliya ta huce a kwano.

Gonda kuwa yana can tsaye a ɗakin ajiye kayan aiki na filin, ya ƙura wa rigar aikinsa ido. Sati uku suka rage a fara atisaye. A ƙirjin rigar an ɗinke Gonda Masuo da farin zare, sunan mutumin da ya koma gida a buge shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya karya wa ɗansa hannun dama, ya kuma yarda a gaya wa yaron cewa ubansa ya mutu. Sunan ke nan da Hozumi ke rubutawa a bayan tudu.