Ra'ayin Mutanen Ƙetaren Rafi

"Gada muke so!" Baba Sila, dattijon ƙauyenmu, ya ɗaga murya daga bakin rafi.

Jami'an ƙaramar hukuma daga Zuru suna tsaye a wancan ƙetaren, ruwa ya hana su isowa. Sabon tsarin jiha ya ce ba a yin aiki sai an ji ra'ayin jama'a, kuma da damina ake jin ra'ayin.

"Mun ji ka sarai, Baba," in ji shugabarsu, Madam Keziah, "amma ra'ayi ba ya karɓuwa sai a zaune, cikin taro."

Bana sun share mana hawaye, sun gina mana zauren taro har da fanka. Kullum muna hango shi a wancan ƙetaren.