Gashi Sau Ɗaya Tak

Yau ma matar nan mai sanda ta iso, ɗankwali ɗaure a kan da suma ta zube. Ba bin layi, ba nuna kati. Nas ta miƙe har da rusunawa, ta buɗe mata ƙofar ɓangaren da ake gasa ciwon daji a asibitin. Auta, da ke kan benci tun safe, ta ja tsaki.

Ciwon daji ne ya kama mahaifin Auta, ya bi jiki har ya sauka a ƙashin baya. Kafintan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana saɓa katako, ga shi ko juyi a gado sai da ihu. Da aka kawo shi, injin haske ya gasa wurin sau ɗaya tak, aka ce a tafi gida. Ƙaramin likita ya yi bayani: ba warkewa ake nema ba, sauƙin raɗaɗi ne, kuma ƙa'ida ta nuna sau ɗaya na yin aikin sau goma, ba sai an yi ta jijjiga majiyyaci a mota ba. Daga sama aka sa hannu, in ji shi.

Ƙa'ida? Tabɗi! Auta ta rufe kekenta na ɗinki, ta rantse sai ta ga mai sa hannun ido da ido. Kullum ta zo, nas ta ce ta jira a samu sarari.

A zaman jiran nan ne ta sa wa mai sanda ido. Kowace safiya ta shige, ba ta fitowa sai rana ta take. Wannan ai ba gashi goma ba, sai dai ashirin! Abin ya tsaya wa Auta a wuya, hassada ta hana ta sakat. Jikin wasu ne jiki, na ubanta kuwa buhun ƙaiƙayi? Ranar da matar ta dube ta ta ce, "Sannu da jinya," ko kai Auta ba ta ɗaga ba.

Ta kira yayanta ta zuga shi, ya nemo wani asibiti mai nisa da ya yarda zai yi goma. Tafiyar wuni ce, hanya duk ramuka. Baba ya riƙe hannunta yana roƙo: "Auta, ku bar ni. Na fara samun barci." Ta ce ai haƙƙinsa take ƙwato masa. Aka sa tafiya gobe.

Sai dai ba za ta tafi da maganar a ciki ba. Mai sanda na isowa, Auta ta sha gabanta.

"Mama, don girman Allah wa kika sani a nan? Kullum ana yi miki, ubana kuwa sau ɗaya, kamar sadaka!"

Nas ta taso a fusace, matar ta ɗaga mata hannu ta tsaya. Ta gyara tsayuwa a kan sandar, tana cije leɓe don ciwo.

"Na ji kuna shirin tafiya da shi. Ki bar tsohon nan ya huta a gadonsa, 'yata. Ni ma sau ɗaya aka gasa mini ƙugu." Ta ciro farar rigar likitoci daga jaka. "Aiki nake zuwa. Ni ce na sa wa babanki hannu."