A Lif Zan Yi Kukan?

Anas ya sake miƙo wa Wasila wayarsa. Tana zaune kan tabarma a zauren gidansu na Tudun Wada, tana fifita da bakin mayafi.

"Dubi nan, Wasila. Marakish ke nan, a Maroko. Jar ganuwa, raƙuma, fitilu cikin rairayi. Otal ɗin ma tsohuwar fada ce."

Ba ta karɓa ba. Tun da aka sa musu rana yake damunta da hotunan nan.

"Zafin Gusau bai ishe ka ba, sai ka kwashi gwaggonnina ka kai su hamada su narke?"

"Ko'ina akwai na'urar sanyi."

"To daga ina za a ɗauki amarya?"

Ya yi murmushi, yana ganin ya shawo kanta. "Daga ɗakinki na otal mana. Nawa yana sama, lif za ku hau."

Ta daina fifita, ta zuba masa ido har ya sauke wayar.

"Anas, duk 'yar gidan nan ta ƙofar nan ta fita. Baba ya yi mata nasiha, Inna ta juya baya, ita kuma ta rungume ƙyauren nan tana kuka sai an ɓamɓare ta. Ni a lif zan yi nawa kukan?"

"Ai kukan ne ba na so ki yi," ya ce a hankali.

Ta miƙe, ta dafa ƙyauren, idonta ya ciko.

"Kukana ne, ina son abina. Je ka hau raƙuminka. In ka dawo, ka san ƙofar."