Tawadar da Ta Kama Leda

"Baba, ya sake gogewa," in ji 'yata, ta miƙo mini ledar sabulun da take sayarwa. Na murza, rubutun ya biyo yatsana tun ban karanta ba. Gobe mai kanti zai karɓi kaya, kuma ba ya karɓar sabulu marar suna.

Shekara talatin na yi a masana'antar leda, amma tun rasuwar mahaifiyarta littattafai kaɗai nake kula da su. Su ba sa ce mini in yi haƙuri.

Na ce, "Sabuwar leda santsi gare ta, kamar ta'aziyyar maƙwabta. Ba abin da ke zama a kanta."

"To, malam masani, yaya za a yi?"

Na kai ta wurin tsohon abokin aikina, muka bi da ledar ta injin iskar ozon, mai ɗan ƙona fuskarta. In ƙunar ta yi yawa leda ta tsage, in ta yi daidai tawada ta kama.

Aka buga ta farko. Ashe sunan mahaifiyarta ta sa wa sabulun. Na murza, na sake murzawa. Yana nan daram.